Yadda Za Ka Yi Doguwar Tafiya Barci Bai Sace Ka A Kan Sitiyari Ba

Tun da na ba da labarin abin da ya same ni tsakanin Tashar Yari da Kwanar Ɗangora, tambaya ɗaya ake ta yi mini, daga direbobin haya har masu motocin gida: me mutum zai sha ko ya tauna don kada barci ya ɗauke shi a hanya? Wani ya ce goro, wani ya ce Nescafé mai kauri, wani kuma so yake in ambata masa sunan ƙwaya. Amsar da nake bayarwa ba ta yi wa da yawansu daɗi: barci ba shi da magani sai barci. Abin da ke hannunka shi ne tsara tafiyar, da sanin inda za ka tsaya idan ya zo.

Ga abin da ya faru, a taƙaice. Ɗaurin aure muka je Kaduna, muka raba dare muna hira da 'yan'uwa, na tashi asuba ban koma ba, bayan azahar na cika ciki da shinkafa na kama hanyar Kano. Wajen ƙarfe uku na rana ne, hanya miƙaƙƙiya, ƙanena yana gefena yana danna waya. Ban ji sanda idona ya rufe ba. Ƙarar tsakuwa a ƙarƙashin taya na ji, da salatin da ƙanena ya saka, na buɗe ido na ga tayoyin dama sun bar kwalta, ga bakin kwalbati a gabana. Allah ya tsare. Da na tsaya, ƙafata rawa take a kan birki har na kasa fitowa. Matakan nan na ƙasa da su nake tafiya tun daga ranar.

1. Lissafa barcinka kafin ka lissafa mai

Tafiyar gobe a daren yau take farawa. Babban mutum yana buƙatar barcin awa bakwai zuwa takwas. Kafin ka ɗauki makulli, tambayi kanka abu biyu: awa nawa na yi barci a cikin awa 24 da suka wuce, kuma idan na isa inda za ni, zan kai awa nawa ido biyu?

Gidauniyar AAA, mai binciken kiyaye haɗurran hanya a Amurka, ta fitar da bincike a 2016 wanda ya nuna cewa direban da ya yi barcin awa huɗu zuwa biyar, haɗarinsa ya ninka na wanda ya yi awa bakwai fiye da sau huɗu. Wanda bai samu ko awa huɗu ba, nasa ya haura ninki goma sha ɗaya. Masu bincike a Ostareliya kuma sun gwada mutanen da suka yi awa 17 ba su runtsa ba, suka tarar hannunsu da idonsu sun yi nauyi kamar na wanda ya ɗan sha giya, a ma'aunin da ƙasashe da yawa ke hana tuƙi da shi. Wannan ya kamata ya tsaya mana a rai. Mutumin da ko kwalbar giya bai taɓa riƙewa ba zai iya shiga mota da kai irin na mashayi. Wanda ya tashi asuba ƙarfe biyar bai ƙara kwanciya ba, ƙarfe goma na dare ya cika awa 17 ɗin nan.

Ƙa'idar da na ɗora wa kaina: ƙasa da awa shida, ba na doguwar tafiya sai da wanda zai karɓe ni. Ƙasa da awa biyar, ba na tuƙin sam. Barci kuma bashi ne, taruwa yake. Idan ka yi kwana uku kana awa huɗu huɗu, dare ɗaya ba zai biya shi ba, ka fara kwanciya da wuri tun kwana biyu kafin tafiyar.

A ranar 28 ga Fabrairun 2001, a wani wuri da ake kira Great Heck a Ingila, wani mutum mai suna Gary Hart ya kwana yana hira a waya, ya kama hanya da sassafe. Barci ya ɗauke shi, motarsa ta sauka daga babban titi ta gangara kan layin dogo, jirgin fasinja ya buge ta ya kauce, ya yi karo da jirgin kaya. Mutum goma suka mutu, kotu ta ɗaure shi shekara biyar.

Gargaɗi: watan azumi, musamman goman ƙarshe. Tarawihi, tahajjud, sahur, ga ƙishirwar rana, sannan jajibirin salla kowa ya ɗebi iyali ya nufi gida. Idan za ka yi tuƙi mai nisa, ka ware daren da ya gabace shi ka yi barci sosai, ko ka bai wa wanda ya huta.

2. Karanta takardar duk maganin da ka sha

Mutane da yawa ba su san maganin mura na sa barci ba. Piriton da ire-irensa na mura da ƙaiƙayi, Phenergan, maganin tari, diazepam, wasu magungunan ciwon jiki masu ƙarfi, duk suna saukar da kasala, wasu har washegari. Ka tambayi likita ko mai kemis kai tsaye: "Zan yi tuƙi, wannan yana sa barci?" Idan ya ce e, ko a canza maka, ko ka ɗaga tafiyar.

Gargaɗi: tiramadol da ake sayarwa a tasha da sunan maganin gajiya ba ya cire gajiya, ɓoye ta yake. Jikinka ya gaji amma ba ka ji, sai ka ƙara gudu, ka ga tazarar da ba ta isa ba ka ce za ka wuce. Shi kansa yana kawo gyangyaɗi, kuma idan ya yi yawa yana jefa mutum cikin jijjiga irin ta farfaɗiya. Haka kodin, wanda gwamnatin Najeriya ta hana haɗa maganin tari da shi tun 2018. Duk direban da ya ce ba ya iya hanya sai da ƙwaya, asibiti yake buƙata kafin sitiyari.

3. Zaɓi lokacin tashi

Jikin ɗan'adam yana da lokuta biyu da yake neman kwanciya ko ka ƙi ko ka so. Babban shi ne daga ƙarfe biyu na dare zuwa shida na safe. Ƙaramin kuma bayan azahar, tsakanin biyu da huɗu, lokacin ƙailula, wanda shi ne ya kama ni.

Don haka mafi kyau ka tashi bayan gari ya waye, ka ci rabin hanya da safe, ka sa hutunka mai tsawo ya faɗo daidai azahar. Na san dalilan masu tafiyar dare: hanya ba cunkoso, inji ba ya zafi, kayan gwari ba sa lalacewa. Dalilai ne na gaske. Amma wanda ya zaɓi dare, dole ya yi barcin rana na sosai kafin ya tashi, a ɗaki mai duhu, waya a kashe, ba gyangyaɗi a kan benci ana lodi ba. Mafi munin tsari shi ne wanda ma'aikata ke yi: a wuni a ofis ranar Juma'a, a tashi da yamma a kama hanyar gida ta awa shida.

4. Yanka hanyar gunduwa-gunduwa tun kana gida

Wannan matakin shi mutane suka fi tsallakewa, kuma a ƙasarmu ya fi ko'ina muhimmanci. A littafin dokokin hanya na Birtaniya an ce direba ya huta aƙalla minti 15 duk bayan awa biyu. A Tarayyar Turai direban babbar mota ba ya wuce awa huɗu da rabi sai ya huta minti 45, ba ya wuce awa tara a rana sai nadiran, kuma akwai na'ura a motar da ke rubuta komai. Mu ba mu da wuraren hutawa irin nasu, kuma akwai dazukan da tsayawa a cikinsu wani haɗarin ne daban. Shi ya sa ba za ka bari sai barci ya zo sannan ka fara neman wuri ba.

Ɗauki Kano zuwa Abuja, kilomita ɗari huɗu da 'yan kai. Ka sa a ranka tun daga gida: tsayawar farko Zariya, ta biyu Kaduna, a nan za ka yi salla ka ci abinci ka ɗan kwanta, ta uku Tafa ko Jere idan jiki ya nema. Hanyar Maiduguri kuwa akwai Wudil, Azare, Potiskum, Damaturu. Ka zaɓi gari mai jama'a, gidan mai mai fili da haske, harabar masallaci, ko tasha. Sannan tsakanin kowane zango biyu ka riƙe sunan wani gari na ko-ta-kwana.

Abin da wannan zai ci maka kaɗan ne. Tsayawa biyu na minti 15 da ɗaya ta minti 30, awa ɗaya ke nan a kan tafiyar. Idan dare ya yi maka a hanya, kuɗin ɗaki a ƙaramin masauki bai kai kuɗin sabuwar taya ɗaya ba. Ka ware shi a aljihu daban tun kafin ka tashi, domin wanda bai tanadi kuɗin kwana ba, da kansa zai lallashi kansa ya ci gaba.

Gargaɗi: kada ka yi wa kowa alkawarin lokacin isowa da ba shi da sarari. "Ku ajiye mini abincin dare" ta sa mutane da yawa sun ƙi tsayawa.

5. Kayan tafiya da abokin zama a gaba

Ruwan sha mai yawa, fulas na shayi ko kofi, goro ga mai ci, ƙaramin matashi, tabarau na rana, waya mai caji don saita ƙararrawa, da alamar nan ja mai kusurwa uku. Goge gilashin gaba ciki da waje, domin gilashi mai ƙura da hasken fitilun da ke tahowa suna gajiyar da ido da wuri.

Wanda zai zauna a gaba ya zama mai hira, ba wanda zai jingina kai tun daga Na'ibawa a bakin garin Kano ba. Ka faɗa masa aikinsa a fili: ya riƙa duban fuskarka, kuma yana da izinin ce maka ka tsaya. Idan ya iya tuƙi kuma yana da lasisi, ku riƙa karɓa-karɓa duk awa biyu, wanda ya sauka ya koma baya ya yi barci na gaske.

6. Ci kaɗan

Tuwo, sakwara, shinkafa mai maiƙo, fura da nono mai yawa, duk ka bar su sai ka isa. Ci rabin abin da ka saba, ka sha ruwa. Lemon kwalba mai zaƙi yana ɗaga mutum na ɗan lokaci ya sake shi.

7. San alamun da ke cewa ka tsaya

Barcin kan sitiyari ba irin na gado ba ne. Zuwa yake na daƙiƙa biyu, uku, huɗu, wani lokaci ido a buɗe, ƙwaƙwalwa ce ta ɗauke. Mota mai gudun kilomita 100 a awa tana cin kusan mita 28 duk daƙiƙa. Daƙiƙa huɗu, ka shafe fiye da tsawon filin ƙwallo babu direba a motar. Shi ya sa haɗarin barci ya fi muni, mai barci ba ya taka birki. Sau da yawa za ka ga motar ta bar hanya a miƙe, ko ta shige ƙarƙashin tirela, ko zanen taya babu a kwalta.

Kafin a kai nan jiki yana aiko da saƙo. Hamma a kai a kai. Ido ya yi nauyi ko ya riƙa yaji kana murzawa. Kai ya sunkuya ka ɗago da sauri. Ka ga ka wuce wani gari ba ka tuna sanda ka shige shi ba. Motar ta riƙa lallaɓawa hannun wasu ko bakin kwalta. Gudunka ya riƙa hawa da sauka ba dalili. Ka tsinci kanka daf da bayan wata mota ba ka san yadda ka matso ba. Guda ɗaya daga cikin waɗannan ta isa. Idan har kanka ya sunkuya sau ɗaya, ka riga ka yi barci, sa'a ce ta tashe ka.

Gargaɗi: sauke gilashi, ƙure rediyo, ƙara sanyin mota, marin fuska, tsunkulin cinya, watsa ruwa a ido kana tafe, duk na gwada su. Minti kaɗan suke ba ka, kuma illarsu ita ce suna sa ka ɗauka ka farfaɗo. Wasu kuma ƙara gudu suke wai don tsoro ya wartsake su, wannan kam neman mutuwa ne da ta mutanen da ka ɗauko. Kada kuma ka dogara da ƙarfin niyya. A dawowa daga Khaibara Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ɗora wa Bilal tsaron asuba. Bilal ya yi salla iya abin da ya sawwaƙa, ya jingina da raƙumarsa yana fuskantar gabas, idonsa ya rinjaye shi, ba wanda ya farka sai da rana ta taɓa su. Idan barci ya rinjayi Bilal a kan amanar da aka ba shi, ni da kai ba mu da hujjar cewa za mu daure.

8. Yadda ake tsayawa a yi barcin

Tsari ne, kuma jerinsa yana da amfani.

Da farko ka rage gudu, ka gaya wa na gefenka halin da kake ciki ya riƙa yi maka magana, ka nufi wuri mafi kusa cikin waɗanda ka tanada. Mafi kusa, ko da ba shi ne mafi daɗi ba.

Ka fita daga titi gaba ɗaya. Kada ka tsaya a kwana, ko kan gada, ko bayan tudu, ko rabin mota a kwalta. Hadisi ya zo cewa matafiyi idan zai sauka da dare ya kauce wa hanya, domin mabiyar dabbobi ce. A yau abin da ke bin ta ya fi dabbobi nauyi. Mutane da yawa sun mutu a bayan tirelar da aka ajiye a bakin titi ba fitila ba alama, kuma sau da yawa wanda ya shige ta shi ma gyangyaɗi yake. Idan babbar mota ce, ja birkin hannu, yaron mota ya sa waigi, a kafa alamar ja nesa da bayanta. Ganyen da ake zubawa a titi ba a ganinsa da dare.

Sai ka sha kofinka ko shayi mai kauri, kofi ɗaya ko biyu, kafin ka kwanta. Mutane suna mamakin wannan. Sinadarin da ke cikin kofi da shayi da goro yana ɗaukar minti 20 zuwa 30 kafin ya fara aiki, don haka ba zai hana ka wannan ɗan barcin ba, zai tarye ka ne daidai lokacin tashi.

Kashe inji, kulle ƙofofi, bar 'yar kafa a gilashi, kwantar da kujera, saita ƙararrawa minti 20. Ko barcin bai zo sosai ba, ka rufe ido ka bar waya. Kada ka zarce minti 20 ɗin, domin idan ka nutse cikin barci mai nauyi za ka tashi da magagi, kuma tuƙi cikin magagi bai fi gyangyaɗi ba.

Da ka tashi, fito ka taka ƙasa, yi alwala ko wanke fuska, zagaya motar ka duba tayoyi, ka ba kanka minti goma kafin ka tayar.

Gargaɗi: kada ka kwanta inji na aiki gilashi a rufe don sanyi, balle a gareji ko lungun da iska ba ta ratsawa. Hayaƙin salansa yana ɗauke da guba marar wari, mai barci ba ya jin shigarta.

Gargaɗi na biyu: wannan dabara ta fitar da kai ce zuwa gari na gaba, awa ɗaya ko biyu. Sau ɗaya ake yin ta a tafiya. Idan hamma ta dawo bayanta, tafiyar yau ta ƙare, nemi wurin kwana. Kuma ka tuna kofin da ka sha da yamma yana daɗewa a jiki, zai iya hana ka barcin dare, gobe ka tashi da sabon bashi.

9. Fasinja da mai mota

Fasinja, kai ma ranka na cikin motar. A tasha ka dubi idon direba, kuma ba laifi ba ne ka tambaya ko yanzu ya sauke wani lodin. A hanya idan ka ga motar tana tangaɗi, yi magana da ladabi yadda ba zai ji kunya ba: "Direba, don Allah a tsaya a garin nan mu yi salla mu sha shayi." Abin da ke ba ni takaici shi ne sau da yawa fasinjoji ne ke hana direba hutawa, ya tsaya minti goma a fara "Malam, sauri muke". Idan ka ji ana haka, ka goyi bayan direban da babbar murya. Idan ya ƙi tsayawa alhali yana gyangyaɗi, sauka a gari na gaba ko ka sanar da jami'an Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, lambarsu ta gaggawa 122.

Mai mota kuma, balas ɗin da ka yanka wa direba shi ke yanke yawan barcinsa. Idan ba zai iya cika shi ba sai ya yi sawu biyu a rana, ko ya juyo daga Legas a daren da ya sauke kaya, to kai ka tsara haɗarin tun kafin ya faru. Hanya irin ta Kano zuwa Legas, kusan kilomita dubu, direba biyu take so, ko kwana a hanya da kuɗin kwanan a cikin lissafi.

10. Idan kullum barci kake ji ko ka kwana lafiya

Je asibiti. Wanda ke minshari mai ƙarfi, matarsa ta ce numfashinsa kan tsaya cikin dare ya farka da shaƙewa, ya tashi da ciwon kai, ya riƙa gyangyaɗi a zaune ko a majalisa, mai yiwuwa maƙogwaronsa ne ke toshewa yana barci. Irin wannan zai yi awa takwas a gado ya tashi kamar bai kwanta ba. Ya fi kama masu ƙiba da masu kaurin wuya, kuma ana maganinsa. A duba maka sukari da hawan jini a zuwa ɗaya. Kafin a gano matsalar, ka bar doguwar hanya.

11. Kilomita talatin na ƙarshe

Nan ne zuciya ke cewa ai an iso. Ka hango fitilun gari, kafaɗa ta saki, hankali ya riga ka shiga gida. Kuma daidai lokacin ne ka fi kowane lokaci gajiya a tafiyar. Ƙa'idar mataki na 7 ba ta canzawa don ka kai Kura daf da Kano ko Zuba daf da Abuja. Ni yanzu duk sanda na taho daga Kaduna, a Kwanar Ɗangora nake tsayawar ƙarshe ko ina jin barci ko ba na ji. In fito, in sha ruwa, in kira gida in ce saura kamar awa ɗaya, kada a jira ni a ƙofa.